Shafi Na Biyu

"Ɗaga kanki daga kan allon nan!"

Muryar Auta ce ta cika ɗakin kati, har marasa lafiyar da ke jere a benci suka waiwayo. Ma'aikaciyar da ake ce wa Rediyo kuwa ko gezau. Tana duƙe a kan kujerar Auta, hancinta na neman taɓa fuskar kwamfutar, laɓɓanta suna motsi a hankali.

"Na ce ki ɗaga!"

"To, na ɗaga. Cinye shi zan yi?" Rediyo ta miƙe tana kaɗa makullan sitonta. "Biro na zo ara, sai idona ya faɗa..."

"Idon naki ne ya danna shafi na biyu?"

Rediyo ta yi wani murmushi mai cin rai, ta dafa ƙirji.

"Allah sarki, ƙawata! Ga kyau, ga natsuwa, ashe... Hmm! Allah Ya ba ki haƙuri."

Ta fice tana rangaji.

Auta ta ƙame a bakin ƙofa. Taku uku ne tsakaninta da allon. Da ta ɗaga ido, da ta san komai, kuma Allah Ya sani idon nata so yake ya ɗagu. Sai ta rintse shi gam, ta tako da lalube, ta yi tuntuɓe da kwandon shara, ta laluba madannai har yatsunta suka sami maɓallan nan guda biyu. Ta danna, allon ya kulle. Sannan ta zube a kujera.

Fayil ɗin da ke buɗe na Injiniya ne, mutumin da saura wata ɗaya manyansa su zo gidan su Auta neman aurenta.

Injiniya shi ne mai gyaran kwamfutocin asibitin. Ba ma'aikacinsu ba ne, shagonsa gare shi, sai an kira shi yake zuwa. Amma duk asibitin ba wanda bai san halinsa ba. In ya zo teburinka, daga nesa zai tsaya ya ce, "In matso?" In za ka saka lambar sirrinka, sai ya juya maka baya gaba ɗaya yana kallon bango. In ka manta wasiƙa a buɗe, sai ya kafa wa silin ido ya ce, "Rufe tukuna." Nas-nas har suna suka laƙaba masa, wai Malam Ban-gani-ba.

Auta kuwa a gidan da ba a san wani abu wai shi sirri ba ta tashi. Wayarta Yaya, babban wanta, ke dubawa, jakarta Gwaggo ke zazzagewa in ta zo, wai neman turare. Ranar farko da namiji ya juya mata baya don kada ya ga abin da take rubutawa, sai da ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Wallahi a wannan ƙeyar soyayya ta fara, ko ita ba ta musu.

"Na gama," ta ce masa ranar.

"Kin tabbata?"

"Lambobi takwas ne fa, ba littafi nake rubutawa ba."

Ya juyo yana dariya, shi ke nan magana ta ƙare.

Ita ma Rediyo ta so shi, so mai tsanani. Ita ke riƙe da siton asibitin, kuma sunan nan ba a banza ta samo shi ba, bakinta ba ya riƙe magana. Sau uku a mako kwamfutarta ke mutuwa. Injiniya zai zo, ya duƙa, ya tarar waya ce a cire, ya mayar, ya ce "ta tashi", ya yi gaba abinsa. Ranar da ta ji maganarsa da Auta ta yi nisa, kwamfutar ta warke sarai, amma zuciyar mai ita ba ta warke ba.

To, da safen nan na Laraba ya tsaya a tagar kati, babu jakar kayan aiki a kafaɗarsa.

"Injiniyana! Me ya lalace kuma?"

"Yau ba gyara na zo ba, Autata."

Ya miƙo kati, katin marasa lafiya, tsoho, har gefensa ya tauye. Duk wata uku yana zuwa ashe, amma abokin aikinta, dattijon da ke ɗaya tagar, yake miƙa wa, shi kuma ya tafi hutu. Ta kama katin, shi bai saki ba.

"Akwai abin da ya kamata ki sani tun tuni. Tsoro ne ya riƙe mini baki." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ki ba ni zuwa Asabar, zan faɗa miki da bakina. Kada ki ji shi daga allo... don Allah."

Ta gyaɗa kai.

"Na yi maka alkawari."

Kowane fayil shafi biyu ne. Na farko suna ne da lambar kati da ranar dawowa, shi ne aikin 'yan kati. Na biyu na likita ne, kuma dokar ɗakin kati ta hana a buɗe shi. Auta ta buɗe na farko, ta saka shi a layi, ya wuce ciki. Ko numfashi ba ta sauke ba sai ga kiran Sista Babba daga ɗakin haihuwa, a kawo katin wata mata maza-maza. Ta fizgi katin ta kwasa da gudu.

Maɓalli biyu kacal! Shi da kansa ya koya mata su, ya fi sau goma yana cewa ko ruwa za ta sha ta kulle allonta. Ranar ce kaɗai ta manta a shekara biyu, kuma minti huɗu kawai ta yi.

Duk yinin nan ta so ta same shi ta gaya masa, amma kunya ta hana ta. Ta ce a ranta ta bari sai ta natsu. Wauta ke nan, don bakin Rediyo ba ya jiran kowa ya natsu, kuma mahaifiyar Rediyon katanga ɗaya suke da Gwaggo.

Da la'asar ta dawo gida ta tarar da takalman Gwaggo a ƙofar falo, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Umma na zaune tana ninke wanki. Yaya na tsaye, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa.

"Ga ta nan!" in ji Gwaggo. "Zo nan, 'yar nan, zo ki ji abin da Allah Ya tsare ki da shi. Farfaɗiya gare shi!"

Jakar Auta ta zame daga kafaɗarta.

"Farfaɗiya! Kowane mako sai ta buga shi da ƙasa, yana shure-shure, kumfa na fita. An gani a rubuce, ba ji aka yi ba. Munafuki, sumi-sumi da shi, ashe abin da yake ɓoyewa ke nan!"

Abin da ya fi yi wa Auta ciwo ba ciwon ba ne. A bakin Gwaggo ta ji shi, da ihu, ƙofa a buɗe, alhali mutumin nan kwana uku kacal ya roƙa.

"Ke da kike wurin, ba ki sani ba?" Yaya ya tambaya.

"Ban sani ba."

"Ba ki taɓa dubawa ba?"

"Ba hurumina ba ne, Yaya."

"To gobe ki duba, ki bugo mana shi a takarda mu gani."

"Ba zan duba ba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ko kai ne a ciki ba zan buga wa kowa ba."

Yaya ya ciro waya, a gabanta ya kira Injiniya, ya saki muryar kowa na ji. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"An ce kana da farfaɗiya. Gaskiya ne ko ƙarya?"

Muryar Injiniya ta fito, har Auta tana jin ƙarar fankar shagonsa.

"Gaskiya ne, Yaya."

"To ka gaya wa manyanka su huta."

Ya kashe. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi har sau uku. Umma ta ajiye zanen da ke hannunta ba ta ƙarasa ninkewa ba.

Auta na shiga ɗaki wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Injiniya, kalma uku.

"Kin yi alkawari."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake, ta sake, har wayar ta yi zafi a hannunta. Ta rubuta masa "wallahi ban duba ba", saƙon ya shiga, amsa ba ta zo ba.

Washegari aka kira ta ofishin Likita Babba, don maganar ta riga ta zagaye asibitin. Rediyo na zaune ta yi kicin-kicin. Sista Babba na gefe. Injiniya na tsaye jikin taga, shi aka sa ya ciro bayanin, domin kwamfutar tana rubuta duk wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe.

Likita ya gyara tabarau ya karanta.

"An buɗe shafi na biyu ƙarfe goma da minti goma sha huɗu, da sunanki. Me za ki ce?"

"Ba ni na buɗe ba, Likita. Na dawo na same ta a kai."

"Ni?" Rediyo ta zabura. "La'ilaha! Biro na je ara! A buɗe na same shi, na ma kau da kaina. Ke da saurayinki ne, wa ya fi ki son sani?"

"Sista, lokacin tana wurinki?"

"Na kira ta kam, ta kuma zo," in ji Sista Babba. "Amma mace na naƙuda a hannuna, ban duba agogo ba. Ba zan rantse a kan minti ba."

Likita ya dubi Auta ta saman tabarau.

"Ko da maganarki gaskiya ce, wa ya bar allon a buɗe?"

"Ni ce." Hawaye suka zubo mata. "Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba."

Aka dakatar da ita mako biyu. Ba ta damu da wannan ba. Injiniya take kallo, tana jira ya juyo ko da sau ɗaya. Bai juyo ba. Wannan ƙeyar da ta fara so, ranar ita ta fi komai ƙona mata rai.

Kwana uku ta yi a ɗaki tana kuka, abinci sai Umma ta tsaya a kanta. A rana ta huɗu ta gaji da kukan, ta tambayi kanta abin da Yaya bai tambaye ta ba: shin in kowane mako zai faɗi, tana son sa a haka? Ta auna, ta juya, ta tsorata ƙwarai, don ba ta taɓa ganin mai farfaɗiya ba sai a labarin mutane. Amma duk inda ta juya amsar ɗaya ce.

Ta yafa mayafi, ta sayi ƙaramin littafin rubutu, ta nufi gidan Sista Babba.

"Sista, ba don a mayar da ni aiki na zo ba. Koya mini za ki yi."

"Me zan koya miki?"

"In mutum ya faɗi a gabana... me zan yi?"

Sista Babba ta ture kofin shayinta gefe.

"Zauna, 'yata. Rubuta na farko: ba a ɗauka. Ko yawunsa ya taɓa ki ba abin da zai same ki, duk wanda ya ce miki akasin haka jahilci ne ke damunsa."

Kwana biyar tana zuwa. Ta rubuta a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa. A duba agogo, in jijjigar ta wuce minti biyar a nemi asibiti. A kori 'yan kallo. In ya farfaɗo a yi masa magana a hankali, don kunya ce ke fara kama shi. Har a kan tabarma Sista ta kwanta ta ce Auta ta juya ta, ga Sista ba ƙaramar mace ba, sai da gumi ya jiƙa Auta sharkaf.

A rana ta tara, da hantsi, ta yi sallama a ƙofar shagonsa.

Yana zaune cikin matattun kwamfutoci da tarin wayoyi, ya rame, gemu ya yi masa buzu-buzu. Wata kwamfutar hannu na buɗe a gabansa, allonta na fuskantar ƙofa. Auta ta kau da kai gefe.

"Rufe wannan tukuna, ta mutane ce."

Ya rufe ta a hankali.

"Me kika zo yi?"

"Ba roƙonka na zo yi ba. Na rantse maka ka ƙi yarda, na bar ka da Allah. Tambayoyi gare ni."

Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta buɗe littafinta. 

"Na farko, gidan da ka kama mana a bene yake. Ba zai yiwu ba, a nemi na ƙasa."

"Auta..."

"Ban gama ba. Teburin gilashin da ka saya, a mayar. Babur ɗin nan kuma ka gama hawansa, in ta kama ni zan koyi mota. Ba ka kusantar wuta, ba ka kulle ƙofar wanka ta ciki."

Ta juya shafi.

"Sai babbar tambayar. Tunda kowane mako take zuwa, akwai ranar da ta fi zuwa? Tana ba ka alama? Don in san yadda zan roƙi a tsara mini aiki, kada ta same ka kai kaɗai."

"Kowane mako?"

"Eh."

"Wa ya ce miki kowane mako?"

"Gwaggo. Ta ce a rubuce aka gani."

Ya miƙe tsaye a hankali, har sukundireba ta faɗo daga cinyarsa.

"Auta, me ke rubuce a layin farko na shafin nan?"

"Ina zan sani?"

"Layin farko, da manyan baƙaƙe, ba mai buɗe shafin bai gan shi ba." Muryarsa ta fara karyewa. "Likita ya rubuta: shekara shida bai faɗi ba. Ina shan maganina, ina zuwa duk wata uku. Shi ma babur ɗin sai da likita ya yarda na koma hawa. Shekara shida, Auta!"

Biron ya suɓuce daga hannunta.

"Shida?"

"Ba ki karanta ba..." Ya dafe kansa da hannu biyu. "Innalillahi! Wallahi ba ki karanta ba."

"Ai na gaya maka!"

"Kuma kika zo? Kina zaton duk mako nake faɗuwa, kika zo da littafi?"

"To da me zan zo, da ganga?"

Sai ga Injiniya a durƙushe gaban kujerarta, babban mutum yana kuka wiwi. Ita ma kukan take, amma ba ta ƙyale shi ba, don ta daɗe tana tara masa.

"Kwana tara! Kwana tara ina kiranka! Kwamfuta ta ce sunana ne, ka yarda da ita, ni na rantse maka ka ƙi. Ita za ka aura?"

"Ki yafe mini, sanyin idona."

"Shekara guda muna tare ka kasa gaya mini. Me ka ɗauke ni?"

"Na taɓa gaya wa wata," ya ce, kansa a ƙasa. "Kofin da na sha ruwa da shi a gidansu, a gabana aka fasa shi. Tun daga ranar bakina ya mutu."

Nan fushin nata ya sace. Ta share hawaye da gefen mayafi.

"Ni ma ka yafe mini. Amana ka ba ni na bar ta a buɗe. Da na danna maɓallan nan, da ba wanda ya isa ya kai sirrinka titi."

"Na yafe, Autata. Tun kafin ki roƙa."

"To tashi, kada mai kwamfutar ya zo ya ga injiniyansa a ƙasa, ya ce farfaɗiyar ce ta zo."

Dariya ta ƙwace masa cikin kukan, ita ma ta taya shi.

Ranar Asabar da yamma ya zo gidansu, shi kaɗai, ya yi aski, ya sa fararen kaya. Yaya ya so ya tare shi a waje, Umma ta ce a shigo da shi falo. Gwaggo kuwa dama tana nan, ta janye ƙafafunta can gefe, ta ce kada a ba shi ruwa a kofin gidan. Auta ta kawo ruwan a kofinta na kanta, ta ajiye, ta koma bayan labule.

Ya gaishe su, sannan ya faɗi komai da bakinsa. Yana ɗan shekara goma sha biyar ta fara, bayan wani zazzaɓi mai zafi. Ya faɗi sunan maganin, da yadda yake shan sa, da ranar da ya yi faɗuwar ƙarshe. Ya ce laifinsa ne da ya ɓoye, ba shi da hujja sai tsoro. Ya ajiye takardar likita a kan tebur ga duk mai son dubawa.

Yaya ya ɗauka ya karanta har sau biyu. Shi ba mugu ba ne, tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe Auta, kuma tsoro ne ke cin sa shi ma.

"Na ga shekara shida," ya ce. "Amma ka ba ni tabbacin ba za ta dawo ba?"

"Ba zan iya ba, Yaya. Tana iya dawowa. In na ce maka a'a na yi maka ƙarya."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu. "Da bakinsa! Mu ɗauki 'ya lafiyayya mu kai ta jinya?"

"Yaya, ya isa."

Umma ce, da Gwaggo take. A shekara talatin da aurenta gidan, ba a taɓa jin ta katse yayar mijinta ba. 

"Ƙaninki da na aura, akwai wanda ya kai shi lafiya? Buhu biyu yake ɗauka. Ko ciwon kai ban taɓa jin ya yi ba. Rana ɗaya ya tafi kasuwa da ƙafarsa aka dawo da shi a kwance, ɓarin jikinsa ya mutu. Shekara tara ina juya shi, ina yi masa wanka, ina ba shi abinci a baki. Ke shaida ce."

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Wa ya ba ni tabbaci ranar da aka kai ni? Babu. Kuma wallahi da za a dawo da ni baya, an gaya mini komai, shi zan sake aura." Ta juya ga Yaya. "Wannan yaron ya san ciwonsa, ya san maganinsa, ka nemi ya yi maka ƙarya ya ƙi. Ita kuma ta ji mafi munin labari, ta wanke ƙafa ta je ta koyo yadda za ta riƙe shi. Ni na haife ta, kuma na ba shi."

A bayan labule Auta ta toshe bakinta da hannu biyu.

Yaya ya sake ɗaukar takardar. Ya ninke ta yadda take, ya miƙa wa mai ita da hannu biyu.

"Sha ruwanka," ya ce. "Ka gaya wa manyanka muna jiransu."

Gwaggo ta tashi fuu, ta ce ba da ita ba. Amma da biki ya zo ita ce a gaba-gaba, tana gaya wa mutane wai dama ita tun farko yaron ya kwanta mata.

Rediyo kuwa bakinta ne ya kashe ta. Garin ba da labari a ɗakin nas-nas ta faɗi sunan maganin da adadin da yake sha, abin da ba mai sani sai wanda ya karanta shafin har ƙasa. Sista Babba na bayan ƙofa tana wanke hannu. Kafin Auta ta dawo aiki an sallami Rediyo, kuma Injiniya ya gyara tsarin yadda kwamfutar ɗakin kati ba ta ma iya buɗe shafi na biyu.

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. A benen nan dai suka tare, amma teburin gilashin sai da ya koma inda ya fito, don Auta ta ce ita dama bai yi mata ba.

Ranar da za ta bar gida, ana ta fitar da akwatuna, Yaya ya yafito ta zuwa bayan ƙofa. Sai sosa ƙeya yake, yana kallon ƙasa.

"Auta, littafin nan naki... wanda Sista ta koya miki."

"Yana cikin jaka, Yaya. Lafiya?"

"Ki bar mini shi kwana biyu in kwafa."

Ta ɗago ta dube shi, idanunta suka ciko.

"To mene ne na kuka kuma?" ya ce, shi ma muryarsa ba daidai take ba. "Mijin ƙanwata ne. In ta zo masa ina kusa, so kike in tsaya ina kallo?"